Kafin ki ba dandamalin wasa maki

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki cewa an ba ki aikin auna tsarin dandamali da kayan wasan kwaikwayon da ɗaliban kwalejinku za su gabatar, kuma ba ki san abin da za ki duba ba bayan iya wasan 'yan wasa. Tambayar ta taɓa ni ƙwarai, domin ni ma an taɓa auna aikina, kuma wanda ya auna shi bai tsaya ya kalle shi ba.

A shekarata ta ƙarshe ni aka ɗora wa tsara dandamalin wasanmu a kan Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Songhai ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Sau uku ina zuwa gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ina duban masu da garkuwoyi da tambura, don kada mu riƙa wa mayaƙin wancan zamani abin da bai san shi ba. Da na tabbatar cewa da duwatsu aka gina ganuwar Surame, babban birnin Kanta, sai na ƙi zana katangar laka da aka saba, muka kwana huɗu muna yanka kwali muna shafa masa toka da jar ƙasa har ya yi kama da jerin dutse.

Ranar wasa alƙalin da aka gayyato bai iso ba sai da fitowa ta farko ta ƙare, ya zauna a gefen layin gaba dab da lasifika, inda ba ya ganin komai sai kafaɗun fadawa, kuma rabin lokacin kansa na kan waya. Da aka tashi ya karɓi makirufo a gaban iyayenmu da malamanmu ya ce dandamalin ya yi fayau, babu kujeru a fada, hasken kuma ya yi ƙaranci. Fadawan Kanta a ƙasa za su zauna, sarki kaɗai muka ɗaga a kan karaga don ido ya fara sauka a kansa. Duhun da ya kushe kuwa daren shirin yaƙi ne, mun kashe fitilu da gangan mun bar guda ɗaya da muka rufe da shuɗiyar leda. Yarinyar da ta ɗinka mana lifidi da tsofaffin katifu ta fashe da kuka a bayan labule, ni kuma na tsaya riƙe da igiyar labulen na kasa ko motsi. Har yau idan na tuna yadda ya ninke takardarsa ya fita ba tare da ya tambayi ko mutum ɗaya dalili ba, sai zuciyata ta yi zafi.

Don Allah ki halarci gwajin ƙarshe kafin ranar wasa, ki zauna a gaba, ki koma tsakiya, sannan ki je can ƙarshen ɗakin, domin ɗalibin da ke kujerar baya shi ma ɗan kallo ne. Ki lura ko haske yana kama fuskoki, saboda farar babbar riga tana ɗauke ido ta bar fuskar mai ita cikin duhu idan fitilar daga sama kaɗai take. Ki riƙe ƙofofi a ranki: idan zaure yana dama a fitowa ta farko, bai kamata baƙo ya shigo ta hagu a ta uku ba. Agogon hannu ko silifas ɗin roba a wasan tarihi kuskure ne, ki rubuta shi ba tare da jin nauyi ba.

Ki kuma tambayi nawa aka ba ɗaliban na shirin wasan. Mu karo-karo muka yi, har man janareto daga aljihunmu ya fito, wasu sun haƙura da abincin rana na mako guda, kuma babu wanda ya mayar mana da ko kwabo.

Sauya kayan dandamali tsakanin fitowa da fitowa shi ma ki ƙirga shi da agogo, domin idan ya ja lokaci ba kiɗa ba magana, 'yan kallo sukan shiga hira, da wuya kuma a dawo da hankalinsu. Duk abin da ya ba ki mamaki, ki nemi mai tsara dandamalin a bayan labule ki tambaye shi abin da ya nufa, sannan ki auna ko nufin nasa ya isa ga masu kallo. Idan za ki iya, ki turo mana hoton ɗakin da wurin da aka rataye fitilun, zan duba in faɗa miki inda ya fi dacewa ki zauna.