Jakar atamfa mai wadin a ciki: me zan saya, me zan bari?

Saƙonnin wannan satin kusan duk akan jaka ne, irin wadda ake saka abu mai laushi tsakanin yadi biyu a bi ta da layin ɗinki har ta tashi gida-gida. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

"Salam Anti. Inada ragowar atamfa yadi ɗaya da rabi daga ɗinkin sallah, inaso inyi jakar da zan dinga zuwa islamiyya da kasuwa da ita. Naje wajen masu kayan tela, wannan yace soso, wancan yace wadin, wani kuma yace gam-site kawai ya isa. Wanne zan saya dan Allah?" Daga Zariya.

Wa alaikissalam 'yar uwa. Wadin zaki saya, wato shimfiɗar nan mai laushi kamar auduga da ake sawa tsakanin yadi, matsakaici, ba mai kaurin nan ba. Gam-site, wannan mai gam ɗin da ake mannawa a bayan yadi da guga, aikinsa ya sa yadi ya tsaya, baya sa jaka ta tashi gida-gida, kuma in kika wanke sau biyu uku sai kiga ya fara ɓanɓarowa daga ciki jakar tayi ƙuraje. Soso kuma gaskiya yana da kyau ranar farko, jaka ta tsaya ƙyam, amma yana riƙe ruwa, in damina ta kama ki a hanya sai ya kwana bai bushe ba, ga zafin garinmu da yake sa shi ya dinga marmashewa a hankali. Wadin yana wankuwa yana bushewa da wuri, abu ɗaya dai, kar ki ɗora masa dutsen guga mai zafi kai tsaye, roba ce a jikinsa, narkewa zaiyi ya manne.

Atamfarki ta isa har da saura. Yadi ɗaya inci 36 ne, faɗin atamfa kuma wajen inci 45, jaka mai inci 14 da 16 ba zata cinye ba. Amma ki fara wanke ta tukunna, sitacin ya fita, in zata zuba ta zuba a bokiti ba a jikin farin hijabinki ba, in zata tsuke ma ta tsuke tun yanzu. Shafin ciki ki sayi yadi mai haske, saboda in kika sa baƙi wallahi sai kin juye jakar gaba ɗaya kafin kiga makulli.

Inda mutane suke faɗawa shine yanka. Kar ki yanka daidai awo kafin ki bi layin, ɗinkin yana jan yadin ya rage masa girma. Ki ƙara inci ɗaya kowane gefe, ki jera atamfa, wadin, shafi, ki zana layi da alli tazarar inci ɗaya da rabi, ki fara ɗinki daga layin tsakiya kina fita gefe, in kin gama sannan ki daidaita da almakashi. Dabarar ma ba baƙuwa bace a wajenmu, in kin taɓa tsayawa kallon 'yan lifidi a hawan sallah, wannan rigar dokin mai kauri haka ake yinta, a cusa auduga a bi da ɗinki don kar ta taru waje ɗaya. Layin nan shi yake riƙe abin ciki, ba ado kaɗai bane, shiyasa in kika yi masa tazara mai faɗi da yawa wadin ɗin zai dunƙule bayan wanki.

"Anti kekena Butterfly ne na ƙafa, na mamata ne ta bar min. Ƙawata tace ba zai iya jaka ba sai na sayi babba na wuta. In tara kuɗi in saya ko yaya?" Daga Maraɗi.

Kar ki sayi komai ƙanwata, ki gaida min ƙawar taki. Baƙin keken nan na ƙarfe ɗinki miƙaƙƙe yake yi, kuma shi kaɗai jaka take buƙata, ba ruwanki da jiran a kawo wuta. Abinda zaki canza allura ce. Lamba 14 da kike ɗinkin riga da ita zata dinga karyewa ko tana tsallake, ki sa 16, wajen hannu da kusurwa inda yadi ya ninku ki koma 18. Ki buɗe tsawon ɗinkin ya ɗan fi na riga, in yayi ƙanana ƙanana yadin tattarewa yake. Akwai wani noti a saman kan keken, daidai saitin ƙafar da take danne yadi, ki ɗan sassauta shi, in ba haka ba yadin sama zai dinga gudu ya bar na ƙasa a baya kizo ƙarshen layi kiga sun saɓa. Ki kama su da fil sosai ko kiyi musu ɗaurin zare da hannu manya manya, daga baya ki zare. In kinzo waje mai kauri ki sauke ƙafarki ki juya da hannu a hankali. Ranar da oda ta fara zuwa miki dozin dozin sai ki dawo muyi maganar babban keke.

"Hajiya barka da aiki. Na ba tela ya yiwa uwargida irin jakar nan, tayi kyau sosai, amma ko wata biyu ba'ayi ba hannun ya fice, zif ɗin ma ya buɗe baki. Gyara zan kai ko in sayo ta kanti in huta?" Daga Kano.

Malam ka kai gyara, jikin jakar ai lafiyarsa ƙalau. Na tabbata hannun da guntun atamfa aka naɗe shi aka maƙala a bakin jaka da layi ɗaya, toh ina zai ɗauki Alƙur'ani da littattafai da gorar ruwa da cefane? Ka sayi bel na jaka, wannan saƙaƙƙen mai faɗin inci ɗaya ko ɗaya da rabi, in uwargida tana son ado a lulluɓe shi da atamfar. Kace wa telan ya sauko da shi jikin jakar aƙalla inci uku, ya ɗinka murabba'i ya gicciya a ciki, in da hali ma bel ɗin ya zagaya ta ƙarƙashi ya fito ɗaya gefen, nauyin sai ya koma kansa. Zif kuma na riga aka sa muku, lamba 3, na jaka lamba 5 ne mai manyan haƙora, ka faɗi lambar da bakinka a shago kar kace "zif mai kyau" a baka duk wanda hannu ya kai.

Tunda za'a farke ta, a ƙara mata gindi. Ƙasan jaka shi yake shan ƙasa, a ajiye a tsakar gida, a ajiye a cikin adaidaita, atamfa kuma bata jure gurza. Tsohon wandon jins na gwanjo guda ɗaya zai yi gindin jaka biyu, kana Kano ai kasuwar Ƙofar Wambai bata maka nisa. Maganar ta kanti kuwa, irin mai sheƙin nan ta roba in ta fara saɓulewa shikenan sai bola, wannan kuwa ko shekara nawa tayi tela zai iya farke ta ya canza hannu. Ka dai tsaya a gabansa ka ja hannun da ƙarfi kafin ka biya kuɗin gyaran.