Katin gaisuwa mai hoton wata: wanne za a saya, wanne za a buga?

Wata malamar makaranta daga unguwar Birni ta rubuto: "Ƙanena da ke Faransa ya turo mini samfurin katunan gaisuwa masu hoton doron wata, ya ce in zaɓa ya sayo, in raba wa ɗalibaina da suka ci jarrabawa. Wasu launin toka ne, wasu kuwa shuɗi da ja, ga taurari ko'ina. Wanne ne na gaskiya?"

Malama, ɗauki mai tokar. Ƙasar wata haka take, toka-toka, sama kuma baƙa ƙirin. Rashin taurari a hotunan ƴan sama jannati ba alamar ƙarya ba ne: da rana suka ɗauka, an saita kyamara daidai da hasken ƙasa mai kashe ido, sai taurari suka ɓace. Ki gwada da wayarki a ƙarƙashin fitilar titi, ki gani ko tauraro ɗaya zai fito. Masu shuɗi da jan nan, ko dai zane ne, ko hoto ne da aka cika wa launi a kwamfuta.

Sannan ki ce wa ƙanen naki ya juya bayan katin. Na kirki yakan faɗi kumbon da ya ɗauki hoton da shekarar. Da ni ce ke, biyu zan nema. Na farko sawun takalmin ɗan sama jannati Buzz Aldrin a doron wata, na tafiyar kumbon Apollo 11 a watan Yulin 1969. A nan Damagaram, in yaro ya taka rairayi da hantsi a lokacin hunturu, kafin la'asar iska ta share. Can babu iska, babu ruwan sama, sawun yana nan kwance. Wannan kaɗai ya ishe ki darasin yini guda. Na biyu hoton da William Anders ya ɗauka ranar 24 ga Disamban 1968 daga kumbon Apollo 8, inda duniyarmu ta leƙo daga bayan wata, ƴar ƙarama, shuɗiya.

Wani mai shagon buga takardu a Sabon Gari kuma ya ce yana son ya buga nasa katunan don kasuwar Sallah. Ya gwada, hoton ya fito dishi-dishi, baƙin ya koma kamar ruwan kwata. Yana kuma tsoron kada a ce ya saci hoton wani.

Ɗan'uwa, akasarin hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, an bar wa kowa ya yi amfani da su. Sai dai kada ka manna tambarin hukumar a hajarka, kuma ka guji fuskokin ƴan sama jannatin. Hoton da wani mai ɗaukar hoto ya yi da madubinsa na hangen nesa kuwa nasa ne, sai da izininsa.

Dishi-dishin nan, ina kyautata zaton daga WhatsApp ka kwaso hoton, shi kuwa matse hoto yake yi. Sauko da shi daga shafin hukumar kai tsaye. Kumbonsu mai suna Lunar Reconnaissance Orbiter yana zagaya wata tun 2009, hotunansa tangaran suke. Kada ka zaɓi wata ɗan daren sha huɗu, domin rana na dukansa gaba da gaba, ba inuwa, sai ya fito kamar faranti. Nemi na dare bakwai ko takwas, inda haske da duhu suka yi iyaka. A nan ramuka ke fitowa da zurfinsu. Takarda kuma mai kauri, giram 250 zuwa 300, ka bar cikin katin fari don a samu wurin rubutu. Kowane kati ka sa shi a leda, don baƙar takarda ba ta ɓoye ƙura ko shatin yatsa, ƙurar kasuwar Dole kuwa ka san ta.

Abu ɗaya nake roƙonka. In jinjirin wata za ka buga, kada ka dasa tauraro a cikin lanƙwasar. Wurin ba fanko ba ne, sauran jikin watan ne da rana ba ta haska ba. A zane na ado ba laifi, amma a kan hoto na gaske, ɗaliban malamar can ta Birni za su kama ka.

Na ƙarshe wani saurayi ne da ya ga kati mai hoton ramin nan na doron wata da ake kira Tycho, wanda faɗinsa ya kai kilomita 85, yana tambaya ko ya dace ya aika wa wadda zai aura, ya rubuta mata "farin wata sha kallo".

Ƙanena, rufa wa kanka asiri. Ka kira yarinya wata, sannan ka miƙa mata fuska duk ramuka kamar ta wanda ya yi ƴan rani? Kai ne kaɗai na yarda ka sayi ɗan daren sha huɗun, wanda aka ɗauka daga nesa.