Tambaya da Amsa: Me Doka Ta Yarda a Zuba Cikin Lemon Kwalba?

Tambaya: Ina da ciwon suga, shi ya sa na koma shan lemon da aka rubuta babu sukari. Yanzu ana ta yaɗawa a WhatsApp wai sinadarin zaƙinsa yana kawo ciwon daji. An haramta shi ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ba a haramta shi ba. Sinadarin shi ne aspartame, a jikin wasu kwalabe za ki ga lambarsa E951. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin 2B, wato abin da ake zargi amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. A lokacin ne kuma kwamitin JECFA, mai tsara iyakar irin waɗannan sinadarai, ya bar ƙa'idarsa yadda take: miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 ke nan yana da miligiram 2,800. Gwangwani ɗaya kan ɗauki 200 zuwa 300, sai an shanye tsakanin 9 da 14 kullum kafin a tsallake iyaka. Waɗanda aka hana wa shi gaba ɗaya su ne masu ciwon gado na PKU, shi ya sa a Turai da Amurka dole a rubuta phenylalanine, sinadarin cikin aspartame da jikinsu ba ya iya sarrafawa, a jikin kwalba. Amma dai ruwa ya fi miki, Hajiya.

Tambaya: Ina da shagon lemo. Kwastomomi suna cewa kotu ta ce kada a haɗa Fanta da bitamin C. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Alhaji, maganar tana da tushe. A watan Fabrairu na 2017 wata babbar kotu a Legas ta umarci NAFDAC ta sa a rubuta wannan gargaɗi a jikin Fanta da Sprite. Shari'ar ta taso ne bayan jami'an Ingila sun ƙi karɓar lemon da wani ɗan kasuwa ya kai daga Najeriya. Rigimar a kan benzoate ce, sinadarin da ke hana lemo lalacewa, mai lamba E211. Ingila ba ta yarda ya wuce miligiram 150 a lita ba, Najeriya kuwa tana bin ma'aunin Codex, ƙa'idar abinci ta duniya, na 250. Kwalba ɗaya, can ta karya doka, nan ba ta karya ba.

Haɗarin yana nan: benzoate in ya gamu da bitamin C a cikin ruwa mai tsami, zafi da hasken rana suka same shi, yana iya haifar da ɗan benzene, wanda tabbas yana jawo ciwon daji. Nan ne naka hannun ya shigo. Kiret ɗin da ake jibgewa a bakin shago tun hantsi har la'asar, a zafin watan Afirilu, shi ne abin gyarawa. Aspartame ma zafi yana kashe zaƙinsa, lemon ya koma salam. Ka ajiye kaya a inuwa, ka fara sayar da tsohon kaya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ka karɓa daga dila.

Tambaya: Sukari ya yi tsada. Zan iya sa sakarin a zoɓon da nake ɗurawa a gora? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Sakarin ba haramtacce ba ne, amma ba a zuba shi da ido. Ya ninka sukari zaƙi kusan sau 300, kuma iyakar JECFA miligiram 5 ce a kowane kilo. Yaro mai kilo 20 ba zai wuce miligiram 100 a rana ba, ɗan abin da bai cika bakin cokalin shayi ba. Turai ta tsayar da miligiram 80 a litar lemo. Bokiti mai lita 20 ke nan giram 1.6 kacal. Ki nemi ƙaramin sikelin da ke auna giram. In ya yi yawa, ɗaci yake bari a maƙogwaro. Kuma da zarar kin rufe gora kin manna suna, sai da rajistar NAFDAC, tare da rubuta sakarin cikin jerin kayan haɗi.