Amsar tambayar Malam kan tsafta a jiragen bayi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Malam, na saurari tambayarka, inda ka ce tunda bayi dukiya ne a hannun Turawan da suka saye su, ai dole su kula da lafiyarsu a jirgi. A fahimtata, kana tambaya ne ko an yi wa labarin ƙarin gishiri. Wallahi ba a yi ba.

Ka ɗauki jirgin Brookes na Libaful. Dokar Ingila ta 1788 ta ƙayyade masa mutum 454, alhali kafin nan ya taɓa ɗaukar 609. Namiji baligi ana ware masa tsawon ƙafa 6 da faɗin da bai kai ƙafa ɗaya da rabi ba, kuma an ɗaure shi da mari tare da wani. Ban-ɗakinsu manyan bokitai ne uku ko huɗu a sashe guda, kuma wanda ke nesa sai ya ja abokin ɗaurinsa ya tattaka mutane kafin ya isa, shi ya sa da yawa suke yin bukatarsu a inda suke kwance. Idan teku ta harzuƙa sai a toshe ƙofofin iska, zafi ya tsananta, atini ya ɓarke. Wani likitan jirgi, Alexander Falconbridge, ya shaida a 1788 cewa jini da majina sun lulluɓe daɓen har ya yi kama da mahauta. Wanke katako da ruwan tsami ba ya maganin wannan.

Batun dukiya kuwa, sun riga sun sa mutuwa cikin lissafin riba. A 1781 ma'aikatan jirgin Zong suka jefa fiye da mutum 130 cikin teku da ransu, masu jirgin kuma suka nemi diyyar inshora. Daga kimanin mutum miliyan 12.5 da aka loda daga Afirka a duk tsawon cinikin bayi ta Tekun Atlantika, wajen miliyan 10.7 ne suka sauka da rai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai Hausawa a ciki, waɗanda aka bi da su ta Ikko da Wida (a Jamhuriyar Benin ta yau) zuwa Bahiya ta Brazil, har suka shirya tawaye a 1807. Ka tuna Musulmin da ya saba tsarki da alwala sau biyar a yini, ga shi makonni a kwance cikin najasar wani, ruwan da zai jiƙa maƙogwaro ma awo ake yi masa.