Za mu koma birnin gaɓar teku mai tsada: wace unguwa ce ta dace da mai yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa wani babban birni da ke gaɓar teku, nan da wata uku za mu tashi. Yaranmu uku: babbar tana aji huɗu a firamare, mai bi mata zai shiga aji ɗaya, autan kuma bai cika shekara biyu ba. Mun duba gidajen haya a intanet, kuɗin ya tayar mana da hankali. Na kusa da ruwa sun fi ƙarfinmu, in ban da ƙanana masu ɗaki biyu, masu sauƙin kuma suna can bayan gari. Maigidan yana so mu matsu a ƙaramin gida kusa da teku da ofishinsa, ni kuma na fi son gida mai yalwa ko da nesa ne. Ba mu san kowa a garin ba. Yaya ake gane unguwar da ta dace da mai iyali? Daga Maman yara uku.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wannan tashi ya zame muku alheri, ya raya yaran.

Ke da maigidan kowa yana da gaskiyarsa, zan kuma dawo kan batun nisa da yalwa. Amma akwai tambayar da ta riga wannan, wadda mafi yawan masu tashi ba sa yi: su wane ne ke kwana a unguwar idan lokacin baƙi masu zuwa hutu ya wuce?

Garin gaɓar teku mai tsada yakan ƙunshi mutane iri biyu. Akwai mazauna na dindindin, masu aiki a garin, 'ya'yansu na makaranta a garin. Akwai kuma masu zuwa hutu, da masu kuɗin da suka sayi gida na biyu suna leƙo shi sau ɗaya ko biyu a shekara. Unguwannin da suka fi kyau a hoto galibi na rukuni na biyu ne. Abin ya yi tsanani a wasu biranen har hukuma ta sa hannu: a 2023 New York ta ɗaure hayar gida wadda ba ta kai kwana 30 ba da sharuɗɗa masu tsauri, a 2024 kuma magajin garin Barcelona ya ba da sanarwar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidaje kusan 10,000 da ake bai wa 'yan yawon buɗe ido haya. Ga uwa mai yara, irin wannan unguwa tana nufin maƙwabtan da ke canjawa kowane mako, babu wanda zai san sunan 'yarki balle ya lura idan ya gan ta ita kaɗai a titi. Hayaniya har tsakar dare a lokacin hutu, sannan layin ya mutu murus idan baƙi sun watse, shaguna ma su rufe. Wani mai gidan kuma zai ba ki haya da rahusa ta 'yan watanni, lokacin baƙi na kawo kai ya ce ki tashi. Duk yarjejeniyar da ba ta kai wata 12 ba, ki tambayi dalili kafin ki yi murna da araharta.

Gane wannan ba shi da wuya. Ki buɗe taswirar Airbnb, wato shafin intanet da ake bai wa baƙi hayar gida ta 'yan kwanaki, ki duba layin da kike so. Idan gidajen kwana sun cika shi, kin sami amsa. Idan kun isa garin, ku bi layin da daddare a tsakiyar mako ku ga tagogi nawa ke da haske. Ku dubi ƙofofi: ƙananan akwatunan ajiye makulli masu lambobi da ake ratayewa a bakin ƙofa alamar gidan baƙi ce, kekunan yara da shanya da tukwanen fure da ake ba ruwa kuwa alamar mazauna ce. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a tambayi malamar firamare, ko ma'aikaciyar jinya, ko direban bas, a wace unguwa suke zaune. Waɗannan mutane albashi suke jira kamar ku, suna da yara, dole kuma su isa wurin aiki a kan lokaci. Sun riga sun yi lissafin da kike fama da shi yanzu, kuma unguwar da suka taru ita ce ya kamata ki fara dubawa.

Yanzu batun kuɗi da nisa. Birnin da ke tsakiyar ƙasa yana faɗaɗa ta kowace kusurwa, na gaɓa kuwa teku ya cinye masa ɓangare guda, wani lokaci ga dutse ko kogi a ɗaya ɓangaren. Shi ya sa fili ke tsada, shi ya sa kuma motocin gari duka ke tururuwa kan hanyoyi biyu ko uku, ko gada ɗaya tak. A irin wannan gari kilomita ba ta gaya miki komai. Ki auna da minti, a ranar aiki, da ƙarfe bakwai na safe da biyar na yamma. Google Maps yana ba da damar sa ranar da lokacin tashi tun kina inda kike. A nan ne nake goyon bayan maigidanki. Idan tafiyarsa awa ɗaya da rabi ce zuwa, haka dawowa, awa 15 ke nan a mako a kan hanya. Zai fita yara na barci, ya dawo suna barci, ke kuma ki zauna da ɗawainiyar su uku a garin da ba ki da kowa. Babu girman tsakar gida da zai rama wannan.

Masu lissafin gidaje sukan ce kada haya ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da ke shigowa. A gari mai tsada da wuya a tsaya a nan, don haka ya fi amfani a haɗa haya da zirga-zirga a nemi kada su haura kashi 45. Gidan bayan gari mai araha yakan tilasta sayen mota ta biyu, da man da za ta sha da inshorarta da gyaranta, wani wurin har da kuɗin gada da na ajiye mota. Idan an tara, sau da yawa rahusar ta zurare. Ki kuma tambayi abin da ba a rubuta a tallan ba: kuɗin hidimar gini, na shara, na ajiya da mai gida ke riƙewa, da ladan dillali.

Makaranta ce ya kamata ta zama turken da za ku ɗaure sauran lissafi a kansa. A ƙasashe da dama adireshin gida ne ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, kuma iyakar tana iya ratsa tsakiyar layi, gefen dama su tafi wata makaranta, na hagu wata. Kada ki dogara da abin da dillali ya faɗa. Ki kira makarantar da kanki, ki ba su lambar gidan, ki tambaya ko akwai gurbi a aji huɗu da aji ɗaya duka, domin raba yara biyu makarantu biyu wahala ce ta kowace safiya. Idan za ki yi aiki, ki sa sunan autan a gidan raino tun yanzu, layin jira a birane masu tsada yakan ɗauki watanni. Bayan haka ki taka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makarantar, kina tura keken jariri. Akwai gefen hanya na masu tafiya a ƙasa, ko sai an sauka cikin motoci? Babban titi nawa za a tsallaka? Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudun mota ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cuɗanya. Layin da direbobi suka mayar hanyar yanke don kauce wa cunkoso ba layin yara ba ne, komai kyan gidajensa.

Sai ruwa, kuma a nan nake so ki fi natsuwa, domin shi ne abin da baƙo ba ya gani a ranar da sama ta washe. Tsakanin 1901 da 2018 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, wasu biranen kuma ƙasarsu ce ke nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ake gani a arewacin birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa nisa da teku shi ne tsira daga ambaliya. Tudu ne tsira. Gidan da ke kan tudu kusa da gaɓa yana iya zama a bushe, alhali wanda ke kilomita goma cikin gari, a kan fadamar da aka cike aka yi gini, yana shan ruwa duk damina. Sau da yawa kuma gidajen nan masu yalwa da araha a irin wannan kwari suke, wannan ne ma dalilin araharsu. Ki sa wannan a ranki game da gidan da kike so.

Hukumomin birane da yawa suna da taswirar ambaliya, ki neme ta. Idan kika ga an ce wuri na fuskantar ambaliyar "sau ɗaya a shekara 100", ma'anarsa kashi 1 cikin ɗari ne a kowace shekara, wanda a shekara 30 yake kai wa kusan kashi 26. Bayan taswira, ginin da kansa yana ba da labari: zanen laka a jikin katanga, sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, soket ɗin wuta da aka ɗaga sama, dokin ƙofa mai tsayi, buhunan yashi a lungu, injin zuƙe ruwa a wurin ajiye motoci. Teku ya fi tumbatsa a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa, saboda haka idan za ku iya, ku je duba unguwar a lokacin, ko washegarin ruwa mai ƙarfi. Ku duba hanyar makaranta da ta asibiti ma, don gida yana iya tsira hanya ta yanke. Ki tambayi tsohuwar da ta daɗe a layin, ita ba ta da abin sayarwa. Ki kuma nemi kamfanin inshora ya ba ki farashin inshorar kayan ɗaki a wannan adireshin. Idan kuɗin ya yi sama ƙwarai ko suka ce ban da ambaliya, sun gaya miki abin da dillali ya ɓoye.

Iskar teku tana ɗauke da gishiri, kuma ta fi yin ɓarna a gidajen da ke dab da ruwa. Tana cin na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarfen taga, da ƙasan mota, da rodin da ke cikin kankare. A dogon bene wannan ba ƙaramin abu ba ne. Benen da ya rufta a Surfside ta jihar Florida a watan Yuni 2021, mutum 98 suka rasu, tun 2018 wani injiniya ya rubuta rahoton tsagewa da lalacewar kankarensa. Idan tsohon bene ne, ki tambayi yaushe injiniya ya duba shi, ki sauka wurin ajiye motoci ki ga ko tsatsa na tsiyaya daga ginshiƙai. A cikin ɗaki kuma danshi ne abokin gaba. Ki buɗe kabad ki shinshina, ki leƙa bayan labule da kusurwar silin ko akwai baƙin fumfuna. An tabbatar da alaƙa tsakanin gida mai danshi da tari da asma a yara, kuma laimar ɗaki idan ta zauna sama da kashi 60 fumfuna na samun wurin zama. Ki ɗanɗani ruwan famfo. Idan na burtsatse ne kusa da gaɓa yana iya zama zartsi, sayen ruwan sha ya shiga kasafinku har abada.

Game da autanki, zan faɗa ba tare da sassautawa ba. Yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne suka fi mutuwa ta nutsewa a duniya, kuma yaro yakan nutse shiru, cikin ɗan lokacin da za ki ɗauki waya. Gidan da ke da tafkin wanka, ko yake bakin mashigin ruwa ko buɗaɗɗen lambatu, ba na ba ki shawararsa sai idan akwai shinge ta kowane ɓangare da ƙofa mai kulle kanta. Idan bene ne, tazarar ƙarafan baranda kada ta wuce santimita 10. Manyan biyu kuma a sa su koyon iyo da zarar kun natsu, a kuma riƙa kai su gaɓar da ke da masu ceto kawai.

Tsaro ba zan tsawaita a kansa ba: ki duba alƙaluman 'yan sanda idan ana wallafa su, sannan ki je bayan faɗuwar rana ki ga ko mata da tsofaffi na tafiya a ƙasa hankali kwance. Ki san minti nawa ne zuwa asibitin da ke karɓar yara cikin dare, ko kuma sai an haye gada.

Ra'ayina a kan saɓaninku shi ne kada ku ɗauki ko ɗaya daga cikin gidajen biyu. Kuɗin gidan bakin ruwa, kaso mai yawa na kallon teku ne, kuma yara za su ƙoshi da teku idan ana kai su ranar hutu. Gidan bayan gari kuwa zai cinye lokacin mahaifinsu. Ku nemi tsakiya: tsohuwar unguwar mazauna da ke kan tudu, tasha huɗu ko biyar daga gaɓa a kan layin jirgin ƙasa ko babbar hanyar bas, inda maigidan zai isa ofis cikin minti 40 ko ƙasa da haka, yara su taka zuwa makaranta, akwai kuma filin wasa a kusa. Idan aka sami haka, ki haƙura da ɗaki ɗaya, shi kuma ya haƙura da ganin ruwa ta taga.

Kada ku biya kuɗin gidan da ba ku shiga da ƙafarku ba, damfarar haya ta intanet ta fi kama masu zuwa daga nesa cikin gaggawa. Maigidan ya tambayi ma'aikatarsa ko za su ba ku masauki na wata ɗaya ko biyu, wurare da yawa suna yi idan an nema. A cikin wannan lokacin ku zaɓi unguwa uku, ku ziyarci kowace da safe da yamma da dare. Sayen gida kuma, idan yana ranku, ku jinkirta shi har sai kun ga damina guda da lokacin baƙi guda a garin.