Tsohuwar bindigar Winchester mai zane: in goge ta kafin in sayar?

Tambaya: Salam Malam. Ina zaune a Texas, surukina ya rasu ya bar wata tsohuwar bindiga irin wadda ake jan mariƙin ƙasa a ɗana ta, an rubuta Model 1873 a jikinta, kuma ƙarfen duk zanen furanni ne da hoton barewa. Ta yi duhu sosai. Ina so in goge ta ta yi ƙyalli kafin mu kai ta gwanjo, da me zan goge, kuma nawa za ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba iyalinka haƙuri. Don Allah ajiye samfefar nan tukuna. Mu mun saba tasa in ta yi baƙi a samo toka da lemun tsami a dirje ta, toh a kasuwar tsofaffin bindigogi wannan duhun da kake gani shi ne kuɗin. Masu saye suna lissafin kashi nawa cikin ɗari na launin da ta fito da shi daga masana'anta ya rage, kuma ko ya koɗe ya koma ruwan ƙasa sun fi son shi a kan wadda aka sake wa launi, domin gugar inji tana cinye gefen zane ta daddashe rubutun, wanda ya san harkar kallo ɗaya zai yi ya gane.

Fara da tabbatar babu harsashi a ciki, kuma kar ka gwada harba ta. Sai ka duba ƙasa bayan mariƙin, akwai lamba. Kamfanin Winchester ya ƙera samfurin 1873 sama da 700,000, kaga ba tsufan ne ke sa tsada ba, zanen ne. Nan kuma ake cutar mutane, don da yawa bindigar ta fito ba zane sai daga baya wani ya ɗauko kayan aikinsa ya zana mata don ta yi kuɗi. Gidan tarihin bindigogi na Cody da ke jihar Wyoming shi ke riƙe da tsofaffin littattafan kamfanin, ka tura musu lambar ka biya, za su ba ka takarda mai ranar da aka fitar da ita da yadda take a lokacin. In takardar ta ce da zane ta fito, magana ta canza gaba ɗaya.

Ka samu madubin ƙara girma ka leƙa cikin zanen. Na asali yana tsufa tare da bindigar, inda tafin hannu ya saba riƙewa zanen ma ya lafa. In ka ga ƙarfen ya sha jiki amma layukan suna da kaifi, ko layi ya ratsa ta kan ramin tsatsa, toh tsatsar ta riga zanen zuwa. 'Yan gidan Ulrich, su John da Conrad da Herman, su ne fitattun masu yi wa kamfanin zane, John ma wani lokaci yakan sa sunansa ƙanana kusa da kunamar. Akwai kuma Nimschke na New York, ba a cikin masana'antar yake aiki ba amma hannunsa na da tsada, saboda haka rashin zane a takarda ba shi ne ƙarshen zance ba.

Duba kawunan sukurorin ko sukundireba ta ɓata su, duba ko an yanke bututun, ko an kankare katakon ƙotar har ƙarfe ya fi shi tudu.

Farashi kam ba zan yanke maka ba ban riƙe ta a hannu ba. Tarihin mai ita ma yana ja, a 2016 an sayar da Model 1886 mai lamba 1, wadda aka ba Kyaftin Henry Lawton na sojan Amurka, sama da dala miliyan 1.2 a gwanjon Rock Island. Don haka duk wata wasiƙa ko hoton surukinka ko kakansa riƙe da ita kar a zubar. Yanzu dai tsumma mai laushi da ɗigon man bindiga ya isa, ka ajiye ta inda ba danshi, ka sa mutum biyu su yi mata kuɗi, kuma kar ɗayansu ya zama wanda ke son saye.