Wace kuba mai lamba ta dace da banɗaki da ƙofofin filaza?

Yarona, saƙonka ya iso game da filazar nan mai hawa uku da aka ce ka kai lissafin kuɗin aikinta, wadda ke da shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, da banɗaki a kowane hawa. Ka ce mai ginin ya nuna maka hoton wata kuba mai madannai a wayarsa, yana so a sa irinta a kowace ƙofa domin ya huta da ɓatan makullai, kuma kana tambaya ko ita za ka saya ko akwai wadda ta fi ta. Ba zan ba ka sunan kamfani ɗaya in sallame ka ba, domin ƙofofin ginin nan ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma kubar da ta dace da ɗakin ajiyar manaja tana iya zama haɗari a ƙofar matakala.

Kafin ka dubi madannan da ke waje, fara duba hannun da ke ciki. Duk ƙofar da jama'a ke shiga bayanta, dole ne wanda ke ciki ya iya fita da danna hannu sau ɗaya, ba tare da lamba ko makulli ba, ko da batir ya mutu, ko da an ɗauke wuta. A kuba ta ƙwarai hannun ciki a haɗe yake da harshen kubar kai tsaye, ƙarfe da ƙarfe, lantarki ba shi da ruwa da shi. Ka gwada wannan a gaban mai sayarwa: cire batiran gaba ɗaya, ka danna hannun ciki, idan harshen bai koma ba ka ajiye masa kayansa. Ba kwalliya ce ta kawo wannan ƙa'ida ba. A shekarar 1903 gobara ta tashi a gidan wasan Iroquois da ke birnin Chicago a Amurka, mutane wajen 600 suka mutu, da yawansu a bakin ƙofofin da suka kasa buɗewa, kuma bayan wannan masifa ne aka yawaita amfani da dogon ƙarfen nan da ake gittawa a jikin ƙofa, wanda da zarar jama'a sun tura shi ƙofar ta buɗe waje. Saboda haka ƙofar matakala da babbar ƙofar fita ta filazar irin wannan ƙarfe suke bukata daga ciki, madannai kuwa sai a haɗa su daga waje. Idan kayan Turai ne, nemi lambar EN 1125 a jikinsa ko a takardarsa.

Daga nan sai ƙarfin kubar, kuma a nan ne masu gini suka fi yaudarar kansu, domin kubar gida da kubar kasuwanci kamarsu ɗaya a hoto. A ma'aunin Amurka da ake kira ANSI/BHMA an raba kubobi daraja uku. Mai daraja ta 1 ita ce ta aiki mai nauyi, ana gwada buɗe ta da rufe ta har kusan sau miliyan ɗaya, mai daraja ta 3 kuwa ta gida ce, gwajinta sau 200,000 ne. Yi lissafin da kanka. Idan banɗakin hawan ƙasa ana buɗe shi sau 300 a rana, a shekara ya haura sau 100,000, wato kubar gida za ta cinye iyakar gwajinta kafin shekara biyu, alhali mai daraja ta 1 tana da kusan shekara tara a gabanta. Kuma injin gwaji a hankali yake danna hannu, ba ya rataya a jikinsa kamar yaro, ba ya bugun ƙofa da ƙafa kamar wanda fitsari ya matsa. Banɗakin ƙasa da ƙofar shiga ofisoshi daraja ta 1 nake sa musu, ofishin mutum ɗaya kuwa ta 2 ta ishe shi. Wadda ba a rubuta darajarta a ko'ina ba, ka ɗauke ta a matsayin ta gida komai nauyinta a hannu.

Banɗaki shi ne wurin da zan fi daɗewa a kai, domin shi ne ya fi kashe kuba. Mutanenmu da ruwa suke tsarki, kowa da butarsa, wasu kuma a nan suke alwala, saboda haka hannun da zai taɓa kubar kusan kullum a jiƙe yake. Madannai irin na fuskar waya, waɗanda ake shafawa, ba sa jin jiƙaƙƙen yatsa yadda ya kamata, haka ma na'urar ɗaukar zanen yatsa, wadda ko a bushe takan ƙi karanta yatsan magini ko na tsoho da zanensa ya goge. Nemi mai maɓallan ƙarfe da ake dannawa a ji sun shiga, masu haske da dare, masu ɗan tudu a kan lamba 5 domin makaho ya gane inda yatsansa yake. Sannan duba lambar IP. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 tana jure ƙura gwargwado da fantsamar ruwa, IP65 kuwa ƙura ba ta shigarta sam, kuma tana jure feshin ruwa daga tiyo. Ga ƙurar hunturu, ga mai shara da ke watsa bokiti har jikin ƙofa, ni ban yarda da ƙasa da IP65 ba a ƙofar da ke fuskantar waje. Jikin kubar kuma ya zama ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 ko 316, domin ruwan bilic da ake wanke banɗaki da shi yana cin fentin kubobin da aka zuba da tutiya, ka ga sun fara ƙuraje suna ɓarewa.

Ga wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa. A yawancin kubobin nan, lambar IP ɗin ta ɓangaren waje ce kawai, ɓangaren ciki an ɗauka zai zauna a busasshen falo. To a nan ciki ne gidan batir yake, kuma sau da yawa a nan ne maɓallin mayar da kubar yadda ta fito daga masana'anta yake. Wato a banɗaki ka bar wa kowane baƙo batira huɗu da ƙwaƙwalwar kubar, a wurin da zai rufe ƙofa shi kaɗai ba mai ganinsa, ga kuma danshi. Na sha kwance murfin kuba a irin wannan wuri in tarar da wayoyin sun yi kore, ko in tarar babu batir ko ɗaya, an zare su an kai wa tocila. Zaɓi wadda murfin batirinta ake ɗaurewa da noti na musamman da sukundireban kasuwa ba ya kwancewa, mai robar toshe ruwa a gefenta, kuma idan ka ɗaura ta ka bi saman farantin kubar da siririn silikon, ka bar ƙasan a buɗe domin ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita.

Sai maganar sirri, wadda idan ka yi sakaci da ita sunanka ne zai ɓaci kafin na mai ginin. A banɗakin mutum ɗaya, duk masu shagunan hawan lamba ɗaya suka sani, don haka idan kubar ba ta da wata dabara, mace na ciki wani zai danna lambar ya turo ƙofa. Akwai kubobin da aka yi musamman domin wannan, masu maɓalli daga ciki wanda idan aka danna shi madannan waje sun daina karɓar lamba har sai na ciki ya fito, kuma fitila ko alama ja ta nuna cewa akwai mutum. Idan ba ka sami irinta ba, ƙara sakata mai nuna ja da kore daga waje, wadda ake iya buɗewa da kwabo ko sukundireba a lokacin gaggawa. Kada ka yarda a walda sakatar da ba a buɗe ta daga waje, domin mutum na iya suma a ciki, ko yaro ya kulle kansa. Saboda wannan dalili ne ma aka fi son ƙofar banɗakin masu bukata ta musamman ta buɗe waje, domin wanda ya faɗi a bayan ƙofa jikinsa ne zai tokare ta. Inda banɗakin ke da ɗakuna da yawa a ciki, kuba mai lamba ɗaya ce a ƙofar waje, ƙananan ɗakunan kuwa sakata kawai.

Hannun ƙofar ya zama mai tsawo da ake dannawa ƙasa, ba dunƙulalle da ake murɗawa ba, domin jiƙaƙƙen hannu yana zamewa a kan dunƙulallen, mai shanyewar hannu kuma ba ya iya riƙe shi. Tsayinsa daga ƙasa kimanin mita ɗaya, yadda na kan keken guragu zai kai. Ka tuna wa mai ginin cewa dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, kuma wa'adin ya wuce.

Game da wuta, a ginin da lantarki ke zuwa yana tafiya na fi son kuba mai cin gashin kanta da batir AA huɗu. A cikinsu ma akwai bambanci. Wadda ƙaramin injinta ke tura sakata da kansa tana shan batir, kuma da damina ta zo ƙofar katako ta kumbura ramin ya goce, sai injin ya yi ta kuka bai rufe ba. Wadda na fi yarda da ita ita ce wadda injin ke haɗa hannun waje da harshen kubar kawai, hannun mutum ya ƙarasa sauran aikin. A sa mata batir alkalin, ba mai arha da ke zubar da ruwa ba, ba kuma mai caji ba, domin mai caji ƙarfin wuta na bolt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5, kuma yana rikita gargaɗin ƙarewar batir. Dole ta kasance da hanyar ceto daga waje, wato ramin makulli na ƙarfe, tare da wurin taɓa batir mai bolt 9 ko sa wayar caji. Makullin kuma a hannun maigadi ko manaja zai zauna, ba a cikin ɗakin da kubar ke tsaro ba.

Kubar maganaɗisu da ka gani a ƙofofin gilashin bankuna wata aba ce daban. Da wuta take riƙe ƙofa, ƙaramar da ƙarfin kilo 270 ko kusa da haka, babbar ninki biyu, kuma da an ɗauke wuta take saki. Wannan alheri ne a lokacin gobara, amma a wurinmu yana nufin ƙofar ofis a buɗe take duk lokacin da janareta ya tsaya, sai dai idan ka haɗa mata akwatin wuta mai batir na bolt 12. Tana kuma bukatar maɓallin fita daga ciki, da na gaggawa mai yanke wutar kai tsaye, da haɗi da ƙararrawar gobara idan ginin na da ita. Ba na sa ta a banɗaki ko kaɗan, kuma ba na dogara da ita ita kaɗai a ɗakin da ake ajiye kuɗi ko kaya.

Lambar sirrin kanta, mai ginin ya sani cewa ba ta daɗewa tana sirri. Lamba mai alƙalami huɗu tana da haɗi 10,000, mai shida miliyan ɗaya, amma idan an shekara ana danna maɓallai huɗu iri ɗaya, za ka ga sun yi sheƙi sauran shidan sun yi ƙura, kuma wanda ya lura da haka haɗi 24 kawai ya rage masa ya gwada. A banɗaki wannan ba babbar asara ba ce, ana sauya lambar duk wata a huce. A ofisoshi kuwa nemi kuba mai ba kowane ma'aikaci lambarsa ko katinsa, domin idan an sallami mutum a goge tasa kaɗai, mai tsayawa na ɗan lokaci idan an yi kuskure a jere, mai ajiye tarihin wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Masu haɗuwa da Wi-Fi suna da daɗin sarrafawa daga nesa, amma sun fi shan batir, kuma ka tabbatar suna aiki daidai ko babu intanet. Akwai ma masu maɓallai da ba sa amfani da batir sam, na ƙarfe zalla, lamba ɗaya suke ɗauka, kuma da yawansu ba sa kula da jerin da aka danna lambobin. Ga banɗakin ma'aikata sun wadatar, kuma ruwa bai dame su kamar na lantarki ba.

Idan kuwa banɗakin hawan ƙasa na kowa da kowa ne, irin wanda ake zaunar da mai karɓar kuɗi a bakinsa, ka gaya wa mai ginin gaskiya cewa kuba mai lamba ba ta da amfani a nan, domin kafin mako ya zagayo wani zai rubuta lambar da gawayi a bango. Kuba ta makulli da ake rufewa da dare ta fi, ko mai lamba da ake iya bari a buɗe da rana ta kulle kanta da yamma.

Kada ka sayi komai sai ka koma wurin da tef. Auna kaurin kowace ƙofa, domin yawancin kubobin nan na ƙofa mai kaurin milimita 35 zuwa 45 ne, ƙofofin masu walda kuwa kowa da awonsa. Auna tazarar bakin ƙofa zuwa tsakiyar ramin hannu, wadda yawanci milimita 60 ce ko 70, ka lura cewa firam ɗin ƙofar alminiyam siriri ne, yana bukatar siririyar kuba tasa. Duba ko ƙofar ta sauka a kan hinjinta, ka gyara kafin ka huda, sannan ka sa kuɗin na'urar mayar da ƙofa a cikin lissafin, domin kubar da ƙofarta ke tsaye a buɗe ba ta kulle komai. Ranar miƙa aiki ka sauya lambar masana'anta a gaban manaja, ka sa shi ya shigar da tasa ba tare da ka gani ba, ka nuna wa maigadi yadda ake buɗewa da makulli da yadda ƙarar ƙarewar batir take, ka rubuta ranar da aka sa batir a cikin murfin. Kawo mini awon ƙofofin da takardun kubobin da ka samu a kasuwa mu duba tare kafin ka kai wa mai ginin farashi.